Tambaya da Amsa: Na sauya kwamfuta, adireshin mutanenmu sun ɓace

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni sakatariya ce a wata ƙungiyar manoman albasa a Tahoua. Shekara bakwai ke nan ina aiki da tsohuwar kwamfutar biro mai Windows 7, kuma da Outlook nake buɗe akwatin Gmail na ƙungiya. A ciki akwai adireshin masu saye daga Abidjan da Accra da Kwatano, da na wakilanmu na Galmi da Madaoua da Ƙonni, za su kai 600. Watan jiya aka sayo mana sabuwa ta hannu. Wani yaro ya kwashe takarduna a kile USB ya zuba a sabuwar, ya kuma saita Outlook. Wasiƙu duk sun sauko, amma littafin adireshi fanko, kuma in na fara rubuta suna ba abin da ke fitowa kamar da. Shugabanmu ya ce ranar Litinin za a wanke tsohuwar a ba ma'aji. Yaya zan yi?

AMSA: Malama, barka kadai. Tun kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, je ki roƙi shugaba ya ɗaga maganar Litinin. Kada a wanke tsohuwar kwamfutar, kada kuma wani ya ce zai cire asusun Gmail daga cikin Outlook ɗinta don ya rage mata nauyi. Adireshin nan 600 suna cikinta har yanzu, kuma bisa ga abin da kika bayyana, nan kaɗai suke a duniya.

Yaron bai yi ganganci ba. Abin da ya sani ya yi. Hanyar da Outlook ke bi ya ɗauko wasiƙu daga Gmail, wadda ake kira IMAP, wasiƙu kaɗai take ɗauka. Ba ta san da littafin adireshi ba. Shi ya sa da aka saita sabuwar kwamfuta wasiƙunki na shekara bakwai suka sauko daga wurin Google, amma sunaye ba su biyo ba, domin tun farko ba su taɓa hawa can ba. Duk sunan da kika adana, Outlook yana ajiye shi ne a cikin kwamfutar da ke gabanki. In naki na 2013 ne ko wanda ya biyo baya, duba da kyau, za ki ga an rubuta Cet ordinateur uniquement a gefen kalmar Contacts, wato wannan kwamfuta kaɗai. Fayil ɗin da ke riƙe da su yana cikin wata ɓoyayyar jaka mai suna AppData, wadda mai kwashe takardu daga Bureau da Documents ba zai ko gan ta ba. Ranar da aka cire asusun, sunayen na tafiya tare da shi.

Akwai abu na biyu, shi ne ya fi cin mutane. Sunayen da ke tsallowa da kansu idan kika fara rubutu a wurin adireshi ba daga littafin adireshi suke fitowa duka ba. Outlook yana da wani jeri na dabam da yake tarawa da kansa daga mutanen da kika taɓa aika wa wasiƙa. Mutum zai shekara biyar yana ganin suna na fitowa, ya ɗauka ya adana shi, alhali bai taɓa adanawa ba. Wannan jerin ba ya bin littafin adireshi idan aka fitar da shi.

Ba a takarda na koyi wannan ba. Farkon zamana mai gyara a nan Yamai, wani dattijo mai fataucin fatu ya kawo mini kwamfutar bironsa ta yi nauyi, ya ce in wanke ta amma in kula masa da adireshin abokan cinikinsa. Na fitar da littafin, na ga fayil ya shiga kile, hankalina ya kwanta, na wanke na'ura. Da yamma ya zo da ɗansa, muka zuba fayil ɗin. Sunaye 37 suka fito. Ya gyara zaman tabarau, ya matso da fuskarsa kusa da gilashin, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ya sake dawowa sama. Sai ya ce, "Yaro, ina na Agadas? Ina mutumin Tarabulus?" Sauran duk a wancan jerin na biyu suke, kuma wasiƙunsa ma a cikin na'urar suke sauka, ba su da kwafi a ko'ina. Bai ɗaga mini murya ba, ya biya ni kuɗin aikina cif, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Wata biyu ya yi yana buga waya yana tambayar mutane adireshinsu, wasu kuma bai sake samunsu ba. Tun daga ranar ban ƙara wanke na'urar kowa ba sai mai ita ya zauna kusa da ni mun ƙirga tare.

To ga yadda za ki yi, kuma ki ware masa safiya guda, lokacin da wuta ta fi zama.

Ki buɗe Outlook a tsohuwar, ki shiga Contacts, ki dubi can ƙasa ta hagu inda aka rubuta Éléments da lamba a gabansa. Wannan lambar ita ce yawan sunayen da aka adana da gaske. Rubuta ta a takarda. In kin ga 580 ko 610, alhamdulillahi, aikinki ya yi sauƙi. In kin ga 200, to sauran suna cikin jerin nan na biyu, sai ki fara da cike giɓin. Ki shiga wasiƙun da kika aika, ki bi na damina biyu ko uku da suka wuce, musamman na lokacin kakar albasa da masu saye ke yawan rubutu. Duk wanda ba ya cikin littafi, ki danna adireshinsa da maɓallin dama na linzami, ki zaɓi ƙara shi cikin Contacts, ki adana. Aiki ne mai cin rai, na sani. Amma ke kika san wane ne wane, kin san wanda ya rasu, kin san wanda ya bar sana'a, kin san mai adireshi biyu da wanda yake dubawa a cikinsu. Babu manhajar da za ta yi miki wannan tankaɗe. Sa'arki ɗaya, wasiƙunki suna wurin Google, don haka ko bayan an wanke tsohuwar za ki iya tono adireshi daga cikinsu. Lambobin waya da bayanan da kika rubuta a ƙarƙashin kowane suna su ne ba za su tonu ba.

Idan littafi ya cika, sai fitarwa. Ki danna Fichier, sannan Ouvrir et exporter, sannan Importer/Exporter. A Outlook na 2007 kai tsaye za ki ga Importer et exporter a ƙarƙashin Fichier. Ki zaɓi fitar da bayanai zuwa fayil, ki zaɓi nau'in da ake raba bayanai da waƙafi, wanda ake kira CSV, ki nuna jakar Contacts. A nan ake yawan kuskure, domin Outlook kan tsaya a kan jakar wasiƙu, mutum ya yi ta danna Suivant bai duba ba, ya tashi da fayil ɗin da ba na adireshi ba. Ki sa wa fayil suna da kwanan wata, ki ajiye a Bureau. In kina da jakar adireshi fiye da ɗaya, kowace sai an fitar da ita dabam.

Ki sake bin hanyar nan karo na biyu, amma wannan karon ki zaɓi nau'in pst. Wannan ajiya ce ta ko-ta-kwana. Shi pst yana ɗauke da komai yadda yake, har da hotuna da rukunonin da kika haɗa, kuma duk wani Outlook na tebur irin na da zai iya buɗe shi. Ki sa shi a kile dabam, ki jefa cikin akwatin da kuke ajiye takardun ƙungiya.

Shi kuwa CSV ɗin, kada ki danna shi sau biyu, domin Excel ne zai buɗe, kuma za ki ga a tambaya ta gaba abin da hakan ke jawowa. Ki danna shi da maɓallin dama ki buɗe da Bloc-notes. Za ki ga rubutu cunkushe, layi bayan layi, waƙafi ko'ina. Haka yake, bai lalace ba. Layin farko kanun bayanai ne, daga nan kowane mutum da nasa. Ki danna Enregistrer sous, a ƙasa inda aka rubuta Encodage ki zaɓi UTF-8, wato sabon tsarin haruffa, ki adana da sabon suna. Tsofaffin Outlook suna rubuta fayil da tsohon tsarin haruffa na Windows, in ba a juya shi ba sunaye irin su Illéla da Keïta na iya isa can da alamar tambaya a tsakiyarsu. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, tsohon tsarin bai san su ba sam, sai dai ki gyara su da hannu bayan an gama.

Yanzu ina za a zuba su? Kina iya zuba su cikin Outlook na sabuwar kwamfuta, amma ni ban ba ki wannan shawara ba, domin nan da shekara huɗu ko biyar za ki sake rubuto mini wannan wasiƙar. Tun da akwatin ƙungiya na Gmail ne, ki zuba su a littafin adireshin Google. A sabuwar kwamfuta ki buɗe contacts.google.com, ki tabbata da asusun ƙungiya kika shiga ba naki na kanki ba, ki danna Importer, ki nuna fayil ɗin. Google yana karɓar har 3,000 a zubi ɗaya, kuma asusu ɗaya yana ɗaukar 25,000, ke nan naki 600 ba komai ba ne. Fayil ɗin ƙarami ne, ko reso na jan ƙafa zai wuce, ba zai ci miki mega ba. Da sun shiga, duk na'urar da aka buɗe asusun a cikinta za ta gan su, har wayar shugaba idan yana Galmi yana ciniki.

Sai ƙirga. Google zai tara sababbin a ƙarƙashin wata alama mai ɗauke da ranar da aka zuba su, da yawansu a gefe. Ki ɗauko takardarki ki gwada. Sannan ki zaɓi mutum goma da kika sani sarai, ki buɗe kowanne: adireshi na wurin adireshi? Lambar waya ta cika? Gani ya kori ji. In kin tarar adireshin sun faɗa cikin sashen bayanai maimakon gurbinsu, kanun da ke layin farko ne Google bai gane ba saboda da Faransanci Outlook ya rubuta su. A wurin Importer akwai samfurin fayil da Google ya tanada, ki sauke shi ki daidaita kanunki da nasa, ki share zubin farko ki sake. Kada ki ji tsoron gwadawa, domin littafin Google yana barin mutum ya mayar da shi yadda yake a kowace rana cikin kwana 30 da suka wuce. Masu fitowa sau biyu kuma akwai Fusionner et corriger da ke haɗe su, amma ki duba kafin ki yarda. A jihar Tahoua mutum uku na iya amsa suna ɗaya da sunan uba ɗaya, kada a narkar da wakilin Bouza cikin na Abalak.

Abu ɗaya da CSV ba ya ɗaukowa shi ne rukuni. In kina da rukunin da kike aika wa sanarwar taro da dannawa ɗaya, sunan kowa zai iso amma rukunin ba zai iso ba. Tun tsohuwar na kunne ki buɗe kowane rukuni, ki ɗauki hoton jerin da wayarki, ki sake gina shi a Google da abin da suke kira Libellé. Da tsohuwar zuma ake magani, shi ya sa nake son ta ƙara mako biyu a kan teburinki kina aiki da sabuwar kina waiwayar ta.

Ki sani kuma, Outlook na sabuwar kwamfuta ba lalle ya nuna miki littafin Google ba, musamman in irin na da ne aka sa miki. Mafi sauƙi ki koma rubuta wasiƙa daga shafin Gmail kai tsaye, can sunayen za su riƙa fitowa da kin fara rubutu. In kuwa hannunki ya saba da Outlook har ba kya son rabuwa da shi, ki zuba CSV ɗin a cikinsa ma, amma sabon suna kullum a Google za ki fara adana shi.

Sauran magana ta amana ce. Fayil ɗin nan mai kama da tarkacen rubutu, kasuwar ƙungiyarku ce gaba ɗaya, da lambobin mutanen da suka ba ku don sun yarda da ku. Kada a yi wannan aiki a gidan intanet na haya. Kada a bar shi a kilen yaron da ya taimaka, kowa ya san yadda kile ke yawo daga hannu zuwa hannu. Idan an gama ki goge CSV ɗin daga Bureau da kwandon shara. Tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma jerin sunaye da lambobi na cikin abin da dokar ta shafa. Ki duba kuma lambar wayar da aka ɗaura wa asusun don farfaɗo da shi in an manta kalmar sirri. In ta wani ce da ya bar ƙungiya, ko layin da aka daina sa wa kuɗi, a sauya ta yau, tun da yanzu dukiyarku ta koma cikin asusun. Ita kuma tsohuwar, in za a ba ma'aji, a sanar da shi cewa Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, don haka ba na'urar da za a riƙa shiga asusun banki da ita ba ce.

TAMBAYA: Malam, ina taimaka wa babana a shagonsa na kayan masarufi a kasuwar Wadata, Yamai. Na fitar da adireshinsa daga Gmail don in kai su asusun shago. Na buɗe a Excel in gyara, na adana. Yanzu lambobin mutanenmu na Kano da Sakkwato sun zama wani abu mai E a tsakiya, wasu sifilin farko ya ɓace, sunaye kuma sun cika da baƙaƙen da ban sani ba.

AMSA: Ƙanena, kwantar da hankalinka, asalin yana nan cikin Gmail na Baba, fitarwa ba ta taɓa shi. Jefar da wannan fayil ɗin ka fitar da sabo.

Ga abin da ya faru. Excel na lissafi ne, duk abin da ya yi kama da lamba yana ɗaukarsa adadi. Lambar Najeriya da ta fara da 080, a wurinsa sifilin gaba ba shi da amfani, sai ya zubar. Wadda ta fara da +234 kuma aka rubuta ta a haɗe, sai ya cire alamar tarawa, ya ga lamba 13 ta yi tsawo, ya taƙaita ta zuwa wani abu kamar 2,35E+12. Muddin ba ka adana ba, cikakkiyar lambar na nan a ƙarƙashi. Da ka adana a matsayin CSV, abin da ido ke gani shi ake rubutawa, sauran ya tafi ke nan. Namu na Nijar sun fi tsira, domin 227 da lamba takwas 11 ke nan, amma su ma suna rasa alamar tarawa.

Baƙaƙen da ka gani kuwa, Google da UTF-8 yake rubuta fayil, Excel kuma in an danna fayil sau biyu yakan karanta shi da tsohon tsari. Sai Illéla ta zama IllÃ©la, ƙungiya ta zama Æ™ungiya. Akwai na uku da ba ka lura ba tukuna: Excel na kwamfutar da aka saita da Faransanci yana raba bayanai da waƙafi mai ɗigo a sama, domin shi waƙafi zalla a Faransanci na cikin lamba ne, kamar 2,5. Fayil ɗin da ya adana ta haka, manhajar da za ta karɓa na iya kasa gane inda suna ya ƙare da inda adireshi ya fara.

Tun da daga Gmail zuwa Gmail ne, ba ka bukatar Excel ko kaɗan. Fitar da Google CSV, shiga asusun shago, zuba shi yadda yake, ka yi gyaranka a can. Kafin ka fitar, leƙa Autres contacts a asusun Baba. Nan Gmail ke tara mutanen da aka yi wasiƙa da su ba a adana su ba, ka zaɓi na kirki ka ƙara su cikin littafi. In kuwa dole sai ka ga jerin a tebur, buɗe Excel fanko, ka shiga Données, ka ɗauko fayil ta hanyar texte/CSV, ka zaɓi UTF-8 da waƙafi, ka hana shi tantance nau'in bayanai. Kuma tun da kana gyara, mayar da kowace lamba da lambar ƙasarta a gaba, +227 ko +234 ko +229, don ta yi aiki ko Baba ya tsallaka Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya.

TAMBAYA: Malam, ni malamin makaranta ne a unguwar Talladjé. Na fitar da sunaye 300 daga wayata a fayil mai ƙarewa da vcf, na zuba a Outlook na kwamfuta, mutum ɗaya kawai ya shiga. Fayil ɗin ya lalace ne?

AMSA: Malam, lafiyarsa ƙalau. Shi vcf, wato vCard, tun shekarun 1990 aka tsara shi a matsayin katin mutum ɗaya, daga baya aka riƙa jera katuna da yawa cikin fayil guda. Wayoyi da Google da Thunderbird suna karanta jerin duka, amma Outlook na tebur irin na da katin farko kaɗai yake ɗauka ya tsaya. Ka zuba vcf ɗin a contacts.google.com, ka tabbata 300 sun cika, sannan ka fitar da su daga can a matsayin CSV ka ba Outlook. Lokacin zubawa za ka ga maɓallin daidaita gurabe kafin Terminer, ka buɗe shi ka tabbata adireshin imel da lambar waya kowanne ya fuskanci gurbinsa. Hotunan da ke kan sunayen ba za su bi CSV ba, suna nan dai a Google da cikin wayarka.